Idan Gambo Ya Kwashe Huluna

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran rediyo a rumfar da ke jikin ta Gambo mai wankin hula, a bakin layin dogo na Agege. Saboda haka duk wanda zai ba ka labarinsa in ba ni ba, ji ya yi aka ce. Sunana Harisu. Na san mutumin tun ana kiran sunansa gatsal, babu Malam a gaba, babu komai a baya. Ina nan aka ɗaga shi sama, ina nan aka sake shi ya faɗo, kuma da hannuna a ciki, ba zan ɓoye ba.

A Agege aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa sojan Turawa ne da aka sallama a Ikko, ya duba ya ga gida ya yi nisa, ya nemi wuri ya zauna. Uwarsa Bayarabiya ce, kowa Iya Gambo yake ce mata. Hausarsa garau take, amma in ransa ya ɓaci Yarabanci ke riga ta fitowa. In ka tambaye shi garinsu a Arewa, yau ya ce Katsina, gobe ya ce Daura, ya danganta da garin mai tambayar, alhali ko Ibadan bai taɓa wucewa ba. Mu da muka sauko daga motar shanu da jaka a hannu, kowa na da ƙauyen da zai koma in Ikko ta ƙi shi. Shi kuwa rumfar nan da ɗakuna biyun da ke bayanta su ne iyakar duniyarsa, kuma filin ma ba nasa ba ne, na jama'ar unguwa ne, dattawa suka bar wa ubansa ya zauna. Abu ɗaya na san yana tsoro a rayuwarsa, shi ne wata rana a ce masa ya tashi.

Sana'arsa ba ta da wani asiri. Da safe ya jiƙa huluna a baho, ya dirje su da buroshi, ya tsoma a ruwan sitaci, sannan ya kafa kowace a kan guntun itacen da aka sassaƙa daidai kan mutum. Kawunan itacen nan sun kai arba'in, gadon ubansa ne. Sai ya jera su a dogon benci a rana, zanna a gefe guda, kube a gefe guda, duk wanda ya sauka daga motar haya ta danfo har ya kai bakin masallaci yana hango su. Abokin gabarsa ɗaya ne, ruwan sama, don hular da ruwa ya daka sitacinta ya tashi aiki, jan zare kuma ya zube a kan fari. Shi ya sa ko hira ake da shi, rabin idonsa na sama.

Da soja suka koma bariki aka ce mana mun samu 'yanci. Abu na farko da mutanen Ikko suka yi da 'yancin shi ne tono tsofaffin rigingimu. Yau ka ji an kara a kasuwa kaza, gobe ka ji samari sun tare hanya kaza suna tambayar mutum sunansa. Wasu labaran gaskiya ne, an kashe mutane, mun yi jana'iza da hannunmu, wannan ban ɗauke shi abin dariya ba. Amma kowane labari ɗaya na gaskiya sai an goya masa goma, kuma yawanci a rumfata ake goyon, don duk wanda ya kawo rediyo gyara sai ya zauna shi ya ba rediyon labari.

Wata rana a ƙarshen 1999, da hantsi, sama fes babu ko ɗigon gajimare, sai na ga Gambo ya zabura yana kwashe huluna yana watsawa cikin rumfa. Ya ja ƙyaure, ya riƙe ciki. Na leƙo na tambaye shi ko lafiya.

Ya ce, "Harisu, waken matar nan ta bakin tasha ne. Ewa ɗin nan ta gama da ni. Abeg ka sa min ido a ƙofa."

Ya zagaya baya da sassarfa, ban sake ganinsa ba ranar. Kafin la'asar labari ya iso cewa faɗa ya ɓarke a wata babbar kasuwa can ɗaya gefen gari, kuma wannan karon gaskiya ne. Unguwa ta hargitse, kowa ya rufe shago ya shige gida. Allah ya tsare, abin bai zo layinmu ba.

Washegari ne Iliyasu mai goro ya buɗe bakinsa. Iliyasu mutum ne da ba ya iya ganin abu biyu sun faru rana ɗaya bai ɗaura musu aure ba. Muna zaune wajen mai shayi ya sauke murya ya tambaya ko akwai wanda ya lura Gambo ya kwashe hulunansa jiya tun rana na dukan ka, tun babu wanda ya ji komai. Kowa ya fara tunawa, har waɗanda jiya ba sa unguwar. Kafin azahar an ce tun asuba ya kwashe. Kafin la'asar an ce kwana uku ke nan da ya sa matarsa Mariamu ta tanadi ruwa da gari. Wasu suka ce dangin uwarsa ne ke tsegunta masa. Wasu suka ce ina, laya ce ta kakansa soja, wadda ta fid da shi daga yaƙi ko ƙwarzane babu. Nassirou mai gadi, mutumin Maraɗi, ya rantse ya gan shi da idonsa yana shinshina iska.

Na kasa haƙuri na ce, jama'a, zawo ne fa, ni ya bar wa tsaron ƙofa. Iliyasu ya dube ni da tausayi ya ce hassada ba ta dace da mai furfura ba. Aka yi dariya, na ji kunya ta rufe ni kamar ni na yi ƙaryar, na ja bakina. Bayan mako guda na kama kaina ina leƙen bencin Gambo kafin in sa mukulli a kwaɗona. Ni da na ga mutumin riƙe da ciki.

Shi Gambo ba zan ce ya yi ƙarya ba, amma bai ƙaryata ba. In an matsa masa a kan me yake gani, sai ya ce Allah dai ya kyauta, ya ɗaga kai ya dubi sama yana neman hadari, mai tambayar kuma ya tafi jiki a sanyaye. Cikin wata ɗaya ya zama Malam Gambo. Ana matsa masa a sahun gaba. Alhazan da suka shekara ashirin suna miƙo masa hula ta tagar mota suka koma saukowa suna ba shi hannu. Mutane suka riƙa kawo hular da ko sau ɗaya ba a sa ba, don dai su samu dalilin tsayawa su karanci fuskarsa. Ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ya haura arba'in babu wanda ya taɓa neman shawararsa ko a kan sukarin shayi, rana ɗaya a wayi gari ana yin shiru in ya yi tari, ai sai ya ji daɗi, kuma ya ji. Mariamu ce kaɗai ba ta shiga ba. Na ji ta ta bayan langa-langa tana ce masa ita dai mai wankin hula ta aura, in ya gama waliyyantakar ya zo ya gyara mata murhu.

Ruwan farko na shekarar 2000 ne ya nuna mana abin da muka ƙulla. Hadari ya taso daga kudu, baƙi wuluk, makaho ma ya ji iskarsa. Gambo ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro, ya kwashe hulunansa. Iliyasu ya gani, ya naɗe tabarmar goronsa ya ja ƙofar rumfarsa. Mai shayi ya ga Iliyasu, ya kashe wuta. Telolin tsallaken titi suka ga mai shayi, suka ja ƙofa. Cikin minti goma layin Hausawa ya koma kamar ranar ƙidaya. Maƙwabtanmu Yarabawa da ke sayar da robobi da atamfa a ɗaya ɓangaren layin dogo suka hango mun rufe gaba ɗaya babu dalili, suka ce lallai Hausawa na shirin wani abu, su ma suka rufe, suka kira 'ya'yansu ciki. Mu kuma da muke leƙe ta kafar ƙyaure muka ga Yarabawa sun rufe, muka ce to ga shi nan, ashe Malam Gambo ya gani. Direbobin danfo suka daina tsayawa. Motar 'yan sanda ta zo ta yi fakin, wanda ya ƙara tabbatar wa kowa cewa abin babba ne. Haka muka wuni a kulle, su suna jin tsoronmu, mu muna jin tsoronsu, ruwa na ta zuba abinsa.

Babu abin da ya faru, ko kaza ba a taka ba. Za ka ɗauka a nan asiri zai tonu. Ina. Washegari aka yi ta tururuwa ana yi wa Gambo godiya, wai da ba mu rufe da wuri ba da Allah kaɗai ya san abin da zai auku. Wato in ya kwashe aka yi faɗa, ya gani. In ya kwashe ba a yi ba, ya hana. Na zauna da sukundireba a hannu ina neman ƙofar da gaskiya za ta bi ta shiga maganar, ban samu ba.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Alhaji Ladan, dillalin shanu, shugaban kwamitin unguwa, don ranar an tashi kasuwa ana tsakiyar ciniki. Shi ma ya yarda da Gambo, kada ka ɗauka bai yarda ba, amma yana ganin ba daidai ba ne a ce mai wankin hula ya rufe unguwa guda shugaba bai sani ba. Ya kira shi gida, ya ba shi lemo, ya ce daga yau kada ya sake kwashe huluna kafin magariba sai ya sanar da kwamiti, kwamiti ya duba, yanzu mulkin farar hula ake yi, komai da tsari. Da zai sallame shi ya tuna masa, cikin murmushi, cewa filin rumfar nan amanar jama'a ne. Gambo ya dawo ya zauna a kujerarsa.

Daga nan rayuwarsa ta koma abin tausayi, ko da yake mu dariya muke yi. Hadari zai haɗu, ka ga Gambo yana zarya yana neman Alhaji. In an same shi sai a ce sai dattawa uku sun hallara. Kafin na ukun ya nemo takalminsa ruwa ya sauko, huluna arba'in sun sha duka. Masu hulunan, waɗanda su ne dai 'yan kwamitin, su zo su yi masa tas a kan ya lalata musu kaya. Ya sayo tamfol ya ce zai riƙa rufe bencin kawai, ba kwashewa ba. Ranar da ya fara, rabin layi suka rufe, aka ce rufewa rabin gargaɗi ne. Aka hana tamfol. Ba shi da damar zazzaɓi, ba shi da damar zuwa suna ko ɗaurin aure a wata unguwa. Ranar da babu aiki ma sai ya jiƙa tsofaffin hulunansa ya jera, ya zauna a gabansu yana gadi, don jama'a su samu natsuwar cin abinci. Masu kawo wanki suka ragu, don kowa na son Malam Gambo amma babu mai son hularsa ta kwana a ruwa.

A shekara ta biyu ya gaji. Wata Juma'a bayan an sallame, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce yana da magana.

Ya ce, "Jama'a, don girman Allah ku saurare ni. Ni ban san komai ba. Ranar nan wake na ci ya ɓata min ciki, shi ke nan. Ba na gani, ba na ji, babu mai gaya min komai. Na wash cap kawai na iya. Ku bar ni in yi sana'ata."

Na ce a raina yau dai an gama. Sai wani dattijo a gaba ya girgiza kai ya ce Allahu akbar, haka bayin Allah na gaskiya suke, ba sa son a san su. Kabbara ta tashi. Iliyasu har da share ƙwalla. Aka raka Gambo rumfarsa ana shafa masa riga, shi kuwa yana tafe kamar wanda aka ɗauko daga asibiti. Ranar na ji tausayinsa har cikin raina, amma ban tashi na ce ni shaida ne ba, don na taɓa gwadawa na ji yadda take.

A farkon 2002 makamai suka yi ta fashewa a barikin soja na Ikeja, ƙarar har gidajenmu. Mutane masu ɗimbin yawa suka rasu, kuma yawancinsu ba wuta ce ta ci su ba, gudu ne ya kai su cikin ruwa. Mun yi makoki, mun kuma yi wa juna wa'azi sosai. Kowa a wajen mai shayi ya rantse shi dai daga yau ba zai ƙara gudu ba sai ya tambayi abin da ya koro mutane. Ni ma na rantse, da ƙarfi ma.

Bayan kamar wata biyu, wata Talata da safe, ɗan okada ya kawo wa Gambo saƙo cewa Iya ta rasu a gidan ƙanwarsa a Ikorodu, za a binne ta bayan azahar. Na gan shi ya zauna ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya tashi, abin da ya fara yi shi ne jera huluna, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, hawaye na zuba. Alhaji Ladan ya riga ya tafi kara, kasuwar shanu, babu lokacin nemansa. Gambo ya shigo rumfata ya ce zai bar hulunan a rana yadda kowa zai gani, kada hankalin kowa ya tashi, in ruwa ya zo ya dake su, ya yafe. Ya ce duk wanda ya tambaya in gaya masa ya tafi binne uwarsa, gobe zai dawo. Sannan shi da Mariamu suka bi ta lungun baya, don kada a gan su da jaka a yi wata fassara. Mutumin da uwarsa ke kwance ana jiransa, tunaninsa a kan tsoronmu yake.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Iliyasu ya lura da kujerar babu kowa. Ya zo ya leƙa rumfa, ya zagaya ya ga ɗaki a kulle. Na ce masa rasuwa aka yi, Iya Gambo ce, ya tafi Ikorodu. Ya dube ni ya ce to da me nake so Gambo ya ce mini. Ya ce in yi tunani mana: mutumin da in ƙaramin abu ne yake tsayawa ya kwashe kaya, yau ya bar hulunan mutane arba'in a titi, ya ɗauki matarsa ya bi ta lungu. Wannan wane irin abu ne ya gani da ko tsayawa kwashewa bai yi ba?

Mutane suka taru a gaban bencin, suka yi cirko-cirko suna kallon huluna. Na bi su ɗaya-ɗaya ina cewa jana'iza ce, kowa ya ce Allah ya ji ƙanta, idonsa na kan na kusa da shi. Babu wanda ya gudu, babu kuma wanda ya koma shagonsa. Kowa na jiran ya ga ƙafar wa za ta fara motsi. Ana cikin haka wani mai baro ya taho a guje daga wajen tasha, ba don komai ba sai don wurin gangara ne kuma ya yi lodin doya. Wata mata ta ce wayyo. Shi ke nan.

Ban taɓa ganin irin wannan gudu ba. Nassirou mai gadi, wanda aikinsa ke nan tsayawa, shi ne a gaba yana cewa a nufi kamyo, a nufi kamyo, wato manyan motocin kaya. Lokacin wayar salula ta fara shigowa, Alhaji Ladan na cikin masu ita. Ya kira daga kara ya tambayi me ake ciki, wanda ya ɗauka yana haki ya ce an fara. Bai tambayi me aka fara ba, ya sanar da mutanen kara, su ma suka watse. Aka kifar da bencin Gambo, kawunan itace suka gangara cikin kwata. Ni ina tsaye a ƙofar rumfata ina ɗaga murya cewa babu komai, babu komai. Sai wani tunani ya zo mini: shin na ga gawar? Ɗan okadan nan na san shi? In da gaske rasuwa ce me ya sa ya bi ta lungu? Mutum ɗari biyar ba za su yi ta gudu a banza ba. Ban san lokacin da na yar da sukundireba ba. Na farga ne ina saman tirelar shanu mai komawa Arewa, mun kusa Shagamu, ruwa na dukanmu, Iliyasu na gefena da takalmi ƙafa ɗaya.

Babu wanda ya biyo mu, don babu mai biyowar. Amma ɓarna an yi ta. 'Yan iskan titi suka samu shaguna a buɗe suka yi yadda suke so. Wata tsohuwa mai ƙosai aka bangaje ta ta karye a ƙugu, ba ta ƙara tafiya daidai ba. Gambo ya dawo washegari da ƙasar kabarin uwarsa a ƙafa, ya tarar da hulunan mutane a cikin taɓo, ya durƙusa yana tsamo kawunan ubansa daga kwata.

Kwana uku ana dawowa, a ɗaiɗai, kowa ta lungu. Abin mamaki, a duk unguwar ba a samu mutum ɗaya da ya gudu ba. Wannan ya ce rakiya ya yi, wancan ya ce dama yana da niyyar zuwa duba ɗan'uwa a Shagamu, Nassirou ya ce shi bin mutane ya yi don ya dawo da su. Kunya ta yi wa kowa yawa, Yarabawan tsallake suna ganinmu suna danne dariya, kuma kunya irin wannan ba ta zama a ciki, sai an samu wanda za a juye wa. Waɗanda suka shafa rigar Gambo suka fara cewa su dama tun farko ba su yarda da shi ba. Iliyasu ya ce shi ya daɗe yana zargin mutumin ɗan damfara ne, mai yiwuwa ma da shi aka haɗa baki aka kwashe shaguna, ai dangin uwarsa ne.

Ranar Asabar bayan la'asar aka yi taro a ƙofar gidan Alhaji Ladan. Aka zaunar da Gambo a tsakiya. Alhaji ya ce laifinsa biyu, ya yaudari jama'a shekara biyu, sannan ya bar unguwa bai sanar da kowa ba har ya jawo asara. Gambo ya ce ranka ya daɗe, na farkon ai ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa, aka yi masa kabbara. Aka yi masa ca, aka ce ya daina kawo tsohon zance. Ya ce na biyun kuma ya sanar, ya bar saƙo wajen maƙwabcinsa. Ya juyo yana nemana cikin mutane har ya same ni.

Alhaji ya ce, "Malam Harisu, ya gaya maka inda za shi?"

Duk fuskokin suka juyo kaina. In na ce e, tambaya ta gaba ita ce, to kai da ka sani me ya hau da kai tirela. Na ce ranar hankalina ba ya jikina, ya dai yi mini wata magana, amma ba zan iya rantsewa a kan me ya ce ba.

Gambo ya ci gaba da kallona. Alhaji ya ce tunda zamanin dimokuraɗiyya ne ba zai yanke shi kaɗai ba, duk wanda ya yarda jama'a su karɓi filinsu ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi. Na ɗaga nawa iya kafaɗa, yadda zan iya cewa ƙeya nake sosawa, sai na ga na kusa da ni ya dube ni, na ƙarasa miƙe shi. Aka ba shi mako guda. Wani daga baya ya ce ai ba wani abu ba ne, ya koma gida Arewa ya huta. Mariamu da ke tsaye bakin zaure ta tambaya wane gidan.

Mako ya cika ranar Asabar. Na kwana da niyyar in fita da sassafe in taya shi ɗaure kaya in roƙe shi gafara. Da gari ya waye na shiga rumfata ta ƙofar baya, na leƙa ta kafar ƙyaure. Yana loda baho da kawunan itace a baro, Mariamu na ɗaure katifa. Layin kuwa tsit, har ƙarfe tara babu shago ɗaya a buɗe, mai shayi bai hura wuta ba. Na ɗauka kunya ce ta hana mutane fitowa. Sai na ji matar maƙwabcina ta bayan katanga tana ce wa 'ya'yanta kowa ya sa takalmi ya zauna kusa, Gambo na kwashe kaya gaba ɗaya, ba a san abin da ya gani ba. Mu muka kore shi, mu muka sa masa ranar, kuma ga mu a kulle muna jiran abin da zai biyo baya.

Ya turo baron har ƙofata ya tsaya. Ya san ina ciki. Ya ƙwanƙwasa langa-langar a hankali.

Ya ce, "Harisu, buɗe shagonka. Babu komai."

Na ce to. Ban tambaye shi ina za su ba. Na tsaya riƙe da sakata ina jin ƙarar tayar baron tana nisa har ta ɓace, kuma ban zare ta ba sai da na ji Iliyasu ya buɗe tasa.